Ranar da Iya Ta Ɗinke Lemar Ziyad

Kun taso kuna ganin yayanku Ziyad yana ɗingishi, kuma duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ake ba shi: ganganci ne, ya diro daga jirgin sama da lema, bai iya sauka ba, ya karya ƙafa. Ni da bakina na sha faɗin haka a gaban baƙi, shi kuma yana zaune yana murmushi kamar ba da shi ake ba. Uwarku ta yi masa faɗa har ta gaji, ku kuma kuka mai da abin na tsokana, duk ranar Sallah sai an tayar da shi a kan faranti. To, ba haka aka yi ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, shi ya sa na riƙe maganar tsawon shekarun nan. Yanzu da Iya ta kwanta dama, Allah Ya jiƙanta, alkawarin da ya ɗaure min baki ya warware, kuma ba na son in bi ta ban wanke yaron nan a idonku ba.

Sai na fara da Iya, don wanda bai san hannunta ba ba zai gane labarin ba. Ku kun san ta tsohuwa ce a ɗakin ƙasa, kuna ce mata Sitti, tana ba ku dabino tana zaginku da Hausar da rabinta ba kwa ji. Ni na san ta da basilla a hannu. Daga ƙasar Kano ta zo aikin hajji tana da ƙuruciyarta, ta zauna, ta haife ni a unguwar Mansur, kuma da ɗinkin jakunkunan alhazai ta ciyar da ni bayan rasuwar mahaifina. Idan an sauko daga Arfa, alhazai sun cika jaka da tsaraba har zik ya ƙi rufuwa, wurinta ake kawowa. Ta sa gwiwa ta danne, ta bi bakin jakar da zaren roba, ta ɗinke shi ta ciki yadda ɓarawon hanya zai yi ta lalube bai ga inda zai sa reza ba. Da wannan take alfahari. Tana cewa ɗinkin da ido ya gani ba ɗinki ba ne, ado ne. Ko bayan da na fara tuƙin bas a Aziziyya, na ɗauke ta daga bakin titi muka koma Rusaifa, basillar ba ta huta ba. Dokar gidanmu ce, mai tafiya ba ya fita da jaka sai ta bi ta hannun Iya. Ba ta neman izini, ba ta kuma jiran godiya. Sau nawa na isa Madina na tarar sai na nemi wuƙa kafin in ciro jallabiyata.

Shi kuwa Ziyad tun yana ƙarami ƙasa ba ta ishe shi ba. Da ya girma ya zama mai gyaran lif, na'urar hawa bene, a dogayen otal ɗin nan na kusa da Harami, na ce to, Alhamdu lillahi, ya sami saman da yake nema, ana kuma biyan sa. Ashe ban ga komai ba. Wata rana ya zo ya zauna gabana yana sosa ƙeya, ya ce ya shiga koyon dira daga jirgi da lema a wani fili can cikin sahara, bayan an wuce Jidda. Na ce masa mutum da hankalinsa, jirgi bai kama da wuta ba, ba a kore shi ba, ya buɗe ƙofa ya faɗo? Na yi faɗa, na yi lallashi, na ƙaurace masa na ɗan lokaci. Amma ɗan da ya kai yana ba ka kuɗin cefane ba a hana shi abu da tsawa. Daga ƙarshe na ce ya je, da sharaɗi ɗaya, kada Iya ta ji. Jininta yana hawa, ga kunne ya yi nauyi, in ta fahimci rabin magana sai ta ƙarasa sauran da abin da ya fi muni. Duk gidan muka haɗa baki. In ta tambaya ina yake zuwa ran Juma'a da sassafe, sai a ce filin jirgi, jirgi yake hawa. Ba mu yi ƙarya ba, saukowar ce kawai ba mu faɗa ba.

Ku da kuke ce masa mai ganganci, ku saurara. A duk watannin koyonsa kayan filin yake haya. Da lokacin sayen nasa ya yi, abokansa suka yi ta zuga shi ya sayi ƙaramar lema, irin mai gudun nan da ke yanko iska kamar shaho ya hango ɗan tsako. Malaminsu, wani Balarabe mai furfura a gemu da suke kira Kaftin Majid, ya ce masa sabon shiga ba shi da abokin da ya wuce babbar lema, don ita ce ke yafe kuskure, ƙarama kuwa ba ta yafiya. Ziyad ya bi maganar malami. Ya sayi babba, ruwan ɗorawa da kore, mai saukowa a hankali, abokan suka yi ta yi masa dariya wai ya sayi rumfar biki. Bai tsaya nan ba, ya sa aka ɗaura masa 'yar na'urar da ke buɗe lema ta biyu da kanta idan mutum ya suma a sama, ya kai kayan wurin mai lasisin naɗewa ya duba ya sa hatimi.

Ran Alhamis da yamma ya shigo da su gida, farin ciki kamar ya yi sabuwar amarya. Jaka ce baƙa, ta goyo, mai ɗamara a ƙirji da cinyoyi. Ya ajiye ta a tsakar falo ya ce lallai sai na zauna ya nuna min, wai in na gane hankalina zai kwanta. Ya ce lema biyu ce a ciki. Ta ƙasa ita ce babba, wadda ake sauka da ita kullum. Ta sama ita ce ta ko-ta-kwana. Ya nuna min wani jan maƙulli mai taushi a ƙirjin dama, ya ce in babbar ta fito da matsala kuma ba ta gyaru ba, wannan ake fizgewa sai ta rabu da kai gaba ɗaya, ka sake faɗowa. Sannan ka ja ƙarfen da ke hagu, murafen jakar su buɗe, ta ko-ta-kwana ta yi tsalle ta fita. Ya ce an sa su sun maimaita wannan har sun iya shi cikin barci, kuma an ce musu in lokacin ya zo kada su tsaya shawara da kowa, don a sama daƙiƙa ɗaya dukiya ce. Na tambaye shi, in ta biyun ma ta ƙi fa? Ya yi dariya.

"Abuya, sai kalmar shahada. Amma ba ta ƙi. Murafen nan ɗan tsinke ɗaya ne ke riƙe da su, yana zarewa sun buɗe."

Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, tana kallon mu ba ta jin abin da muke cewa. Na ga ta ƙura wa jakar ido. Ban kawo komai a raina ba.

Da asubar Juma'a muka tafi masallaci ni da shi, muka ɗan daɗe saboda liman ya ja karatu, muka kuma tsaya gaisawa da mutane. Muna dawowa ya saɓi jakarsa ya shiga mota ya tafi. Ni na koma na ɗan kishingiɗa, na tashi hantsi ya ɗaga, na je gaishe da Iya. Na same ta tana shan kunu da hannun hagu, babban yatsanta na dama naɗe da tsumma. Na tambaye ta me ya same ta. Ta ajiye kofin ta nuna min basillarta a kan tabarma, ta lanƙwashe kamar ƙugiya.

"Shantar yaron nan ce, jakar da ya shigo da ita jiya. Ban taɓa ganin yadi mai taurin kai irin nata ba. Kuma dubi sakarcin masu yin ta, bakin sama ba zik ba maɓalli, an dai lanƙwasa an bari. Haka zai shiga jirgi kayansa su zube? Na bi masa shi ta ciki, gefe da gefe. Baƙin zare na sa, ba zai ma gani ba."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na tambaye ta, a hankali yadda ba za ta tsorata ba, wane bakin ta ɗinke, na sama ko na ƙasa. Ta ce na sama mana, na ƙasan ai ta ga yana da ɗan aljihunsa a tsuke. Ta ƙara da cewa sau biyu ta bi shi. Na ce sannu da aiki, Iya. Wallahi abin da na ce ke nan, na fita da baya da baya.

Na kira wayarsa, tana ta ringin ba a ɗauka. Na san dalili, ya gaya min suna kulle wayoyi a akwati kafin su sa kaya. Na sake kira duk da haka. Hanan, ke ce na buga wa ƙofa na ce ki nemo min lambar filin, kika nemo, muka kira, wata muryar na'ura ta yi mana maraba da Larabci da Turanci ta ce ran Juma'a ofis a rufe yake, mu yi rajista ta intanet. Kin tambaye ni me ya faru na ce ba komai. Kin sake tambayata bayan shekara, na sake cewa ba komai. Ga amsarki yau.

Na yi shekara da shekaru ina tuƙa alhazai tsakanin Aziziyya da Mina, ban taɓa goge wa wani fenti ba, ina kuma yi wa matasan direbobi gorin haka. Ran nan duk na zubar da wannan mutunci a kan titin Jidda. Ban san kyamarori nawa suka ɗauke ni ba. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana ta danna lambarsa. A hanya nake ta lissafi da zuciyata. Na ce ai yawanci babbar lema lafiya take buɗewa, shi da kansa ya ce mutum zai yi ta dira shekaru bai taɓa ta biyun ba. Sai wata zuciyar ta ce, yau ce rana ta farko da zai hau da waɗannan kayan, kuma tsautsayi ba ya aiko da saƙo. Na ce ai suna duba kaya kafin su hau, wani ma ya sake duba maka. Sai na tuna wace ce ta yi ɗinkin. Matar da ɓarayin tashoshi suka kasa gano zarenta, yaro mai duba tsinke da maƙulli ne zai gano shi? Na yi addu'a iri-iri, har da waɗanda ban san na haddace ba. Na roƙi Allah Ya taso da iska a hana su tashi, ko jirgin ya ƙi kunnuwa, ko Ziyad ya yi ciwon ciki. Sama kuwa tas take, ko gajimare ɗaya babu.

Filin ba wani abu ba ne, rumfar kwano ce babba, da titin jirgi, da wata doguwar tuta kamar hannun riga da ke nuna inda iska ta dosa. Na bar motar a buɗe na shiga da gudu da silifas. Na ga motar Ziyad, na ga takalmansa na gida a bakin rumfa, shi ban gan shi ba. Wani yaro ya nuna min sama da yatsa. Can ƙololuwa na ji ƙugin jirgi, da ƙyar na hango shi, ɗan fari kamar ƙwayar shinkafa. Na ce ina Kaftin Majid. Yana tsaye a tsakiyar fili, madubin hangen nesa a wuya, oba-oba a hannu. Na kama shi a kafaɗa na gaya masa cikin Larabcin da ya rikice min, cewa ni ne uban Ziyad, kuma kakarsa ta ɗinke murafen lemar ko-ta-kwana da zaren roba. Ya dube ni kamar mahaukaci. Na maimaita. Ya ɗaga oba-oba ya kira matuƙin jirgin ya ce kada kowa ya fita. Amsa ta dawo cikin ƙara, an ce sun riga sun fita, na ƙarshe yanzu ya bar ƙofa.

Kaftin ya ce min abu ɗaya ne ya rage mana. Da yake yau ce ranar farko ta Ziyad da sabuwar lema, ya maƙala masa ƙaramar oba-oba a ƙirji don ya riƙa yi masa jagora wajen sauka. Ziyad zai ji mu in lema ta buɗe, amma ba zai iya amsawa ba. Ya ce in yi addu'a babbar ta fito lafiya, in ta fito lafiya babu abin da zai faru. Muka ɗaga kai. Lemomi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ja, shuɗiya, fara, sautinsu yana isowa daga baya kamar ana kakkaɓe zani. Sai ga ruwan ɗorawa da kore. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Kaftin kuwa bai daina kallo ba. Madubin yana manne a idonsa. Da na sake dubawa na ga sauran lemomin suna tafiya miƙe, ta Ziyad kuwa juyawa take yi, tana kewaya wuri ɗaya tana sauka.

Ya ce igiyar linzami ta dama ce ta tsinke wajen buɗewa, yana ganin ta tana reto. Lema da igiya biyu ake sarrafa ta, da su ake juyawa, da su ake taka birki a ƙasa. Kuma abin da shi Kaftin ya koya wa Ziyad da bakinsa shi ne, sabon shiga in ya ga ba zai iya sarrafa lemarsa ba, kada ya yi jarumta, ya saki babbar ya ja ta biyu tun yana da nisa da ƙasa. Ya danna oba-oba ya ce da Larabci, Ziyad kada ka saki, kada ka saki. Ya faɗa ya sake faɗa. Sai ya ce min, ba tare da ya sauke madubin ba, yaron ya duba agogon tsayinsa, ya kai hannu kan jan maƙullin. Ban ga laifinsa ba ko a lokacin. An ce masa kada ya saurari kowa, oba-oba tana shaƙewa, akwai wasu ɗalibai a sama, ina ya san da shi ake, kuma don me malaminsa zai warware abin da ya koya masa? Yaron yana shirin yin daidai ne, kuma daidai ɗin ne zai kashe shi.

Ban nemi izini ba, na fizge oba-obar. Ban yi Larabci ba, duk da shi ya fi ji.

"Ziyad, ni ne Abuya. Cire hannunka. Sitti ta ɗinke shantar. Ta ɗinke ta sama. Ka ji ni? Sitti ta ɗinke."

Babu abin da ya canja. Lemar ta sake kewayawa sau ɗaya, ta sake. Ban san tsawon lokacin ba, ina jiran in ga ruwan ɗorawan nan ya rabu da shi ya tashi shi kaɗai. Kaftin ya raɗa min in ce masa ya motsa ƙafafu in ya ji. Na faɗa. Sai na ga ɗan baƙin abin da ke rataye ƙarƙashin lemar ya buɗe ƙafafu ya rufe, ya buɗe ya rufe. Kaftin ya ce min yaron ya sauke hannu daga maƙullin. Duk duniya ba wanda zai fahimci wannan magana cikin daƙiƙa biyu sai wanda ya tashi a gidanmu, ya taɓa neman wuƙa a kan jakarsa ta makaranta.

Daga nan Kaftin ya karɓa, muryarsa ta koma sanyi kamar mai karanta wa yaro allo. Ya ce ya saki linzamin hagu shi ma, don su daidaita. Juyawar ta tsaya. Ya ce ya kama maɗauran baya, waɗanda suka tashi daga kafaɗunsa zuwa igiyoyi, da su zai yi tuƙi yanzu. Ya sa shi ya gwada birki tun yana sama, ya ja kaɗan, ya saki, ya sake ja, don ya san inda lemar ke tsayawa, saboda maɗauran baya ba su da haƙurin linzami, in ka zarce kaɗan lemar ta daina tashi ta yar da kai. Ya ce kada ya nemi dawowa tsakiyar fili, ya manta da mu, ya zaɓi sarari mai faɗi ya fuskanci iska, kuma in ya kusa ƙasa kada ya sake juyawa ko me ya gani. Ni ina gefe ina bin sa da ido, yana girma, har na fara ganin takalmansa. Yana zuwa da gudun da ya fi na sauran. Kaftin yana ta maimaita masa, ƙafa a haɗe, gwiwa a haɗe, a ɗan lanƙwashe, ido a gaba ba a ƙasa ba, kada ka miƙa hannu ka tare, ka faɗi ta gefe ka mirgina. Jira. Jira. Yanzu.

Ya ja. Lemar ta ɗan ɗaga kai, ta rage gudu, sai kuma ta saki a tsayin da bai wuce katangar gida ba. Ya sauko da ƙafafu a haɗe kamar yadda aka ce, ya mirgina, ƙura ta tashi, yadin ya rufe shi. Na yi gudun da ban yi ba tun ina saurayi, silifas ɗaya ya tsaya a yashi. Na tarar da shi kwance, idonsa biyu, ƙafar hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Wani dutse ne a binne cikin yashin. Na durƙusa na rungume kansa da hular kwanon da komai ina kuka, ni da ban yi kuka a gabanku ba ko ranar da aka binne ƙanena. Shi kuwa abin da ya fara ce min shi ne, wallahi ya duba kayan sau uku, tsinke, maƙullai, na'ura, ɗamara, abokinsa ma ya duba. Na ce na sani. Ba a koyar da neman zaren kaka a makarantarku.

Kafin motar asibiti ta iso, Kaftin ya ɗauki jakar ya kai rumfa, ya kira ni. Ya ɗora ta a kan tebur ya ja ƙarfen hagu. Tsinken ya zare. Jakar ta ɗan kumbura, ta tsaya. Ya buge ta da tafin hannu, ya girgiza ta, wasu biyu suka kama suka ja, ko motsi. Sai da ya kawo wuƙa ya bi ta ciki yana lalube, ya yanke zaren ɗaya bayan ɗaya, sannan lemar ta yi tsalle ta fito fara fat ta zube a ƙasa. Daga baya Kaftin ya ce min da ƙaramar lema yaron ya saya, juyawar farko kaɗai ta isa ta hana mu lokacin magana, saukar kuma ba ƙafa za ta ci ba.

A asibiti, bayan an sa masa ƙarfe a idon sawu, likita ya ce zai taka amma ba zai koma yadda yake ba. Hawan ramin lif ya ƙare, dira kuma sai dai ya kalli wasu. Na zauna kusa da gadon ina tunanin yadda zan shiga gida da wannan labari. Shi ne ya riga ni. Ya ce in Iya ta ji cewa hannunta ne ya kusa kashe shi, ba za ta ƙara kwana da lafiya ba, kuma gidanmu ba a ɓoye magana in ta wuce mutum biyu. Ya ce a bar shi a kan shi ne bai iya sauka ba. Na ce za a zage ka, za a yi maka dariya, uwarka ba za ta yafe maka da wuri ba. Ya ce ya ji, zagi ba ya karya ƙashi, wanda zai karye ya riga ya karye. Ya sa na yi masa alkawari, na yi. Ban san ko daidai na yi ba, na bar yaro ya ɗauki kayan da ba nasa ba, kuma duk ranar da kuka yi masa dariya sai na ji kamar ni ake yanka. Amma shi ya zaɓa, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

Ranar da muka dawo da shi gida, Iya aka ce mata ya zame ne wajen saukowa daga jirgi. Ta sa aka shigo da shi ɗakinta da sandunansa, ta zaunar da shi a bakin gadonta, ta yi masa faɗa son ranta, ta ce tun yana rarrafe ba ya duba gabansa. Ta tofa masa addu'a a kan filastar. Ina tsaye a bakin ƙofa. Can ta ɗago, kamar abin ya daɗe yana cin ta, ta tambaye shi ina shantar, ko kayansa sun zube da ya faɗi. Ya ce ba abin da ya zube. Ta matso da kunnenta mai ji.

"Ɗinkin ya riƙe ke nan?"

Ya kamo hannunta, wanda yatsan ke naɗe da tsumma har lokacin, ya ɗora a goshinsa.

"Ya riƙe, Sitti. Ƙarti uku suka taru a kansa, sai da suka kawo wuƙa."

Iya ta yi dariya har dasashinta ya fito, ta dube ni ta ce in ji da kunnena, wai ni da nake cewa ta tsufa. Na ce na ji, Iya. Na fita na zauna a kan matakala, na daɗe ban iya tashi ba.